Ɗaya Cikin Talatin da Takwas

Ranar Talata aka kira ni,
hannuna duk ƙarnin kifi, na goge a gaban riga na ɗaga waya.
Likita Quitéria ta ce, Ondina, sakamakon jini ya fito,
ki zo mu zauna.
Mai albishir ba ya cewa a zauna.

A Matosinhos teku ba ya hutu,
ni ma shekara ashirin ban huta ba:
kifi huɗu a gwangwani, kai da jela, jela da kai,
mai, murfi, na gaba.
Ƙirga sana'ata ce.
Wannan ƙirgar ce ta ƙi shiga gwangwani.

Ɗaya cikin talatin da takwas.
Ta rubuta, ta ja layi a ƙasa.
Ta ce hasashe ne, ba hukunci ba,
shekarunki arba'in da uku ne suka rinjayi sikeli;
ƙwayar halitta guda ce kan yi ƙari.
Na ce na gane, kifi na biyar a gwangwanin huɗu.
Ba ta yi dariya ba.
Ni na yi, har sai da ta miƙo mini hankici.

Sai zancen allura,
doguwa, siririya, ƙasa da cibiya kaɗan,
ta ɗebo ruwan da kake iyo a ciki
ruwan ya faɗi gaskiya.
Amma allura ma da nata lissafin:
cikin ɗaruruwan mata, wata kan koma gida ita kaɗai.
Sau biyu na koma gida ni kaɗai,
ba allurar da ta taɓa ni.

Da dare Telmo ya jera wake talatin da takwas a tebur,
ya zare ƙwaya ɗaya da ɗan yatsa,
ya ce dubi sauran, garke guda.
Na ce ba garke nake ɗauke da shi ba.
Ɗaya ne, kuma ban san wanne ba.
Ya mayar da waken cikin kwalba a hankali
kamar mai gudun ya farkar da su.

Mahaifiyata Benvinda ta haifi bakwai ba wanda ya ba ta lamba.
Ta ce a zamaninmu ciki tukunya ce a rufe,
ku kuwa kun ɗaga murfi tun ruwa bai tafasa ba.
Duk da haka ta tafi coci da kyandir biyu.
Ban tambaye ta na biyun na waye ba.

Akwai Abílio a gidan burodin kusurwa,
shekara talatin, gajerun yatsu, fara'a kamar gonar auduga,
ya san lambar kowace bas da sunan direbanta.
Ba shi nake kallo ba yanzu.
Uwarsa nake kallo, Zulmira, da sandarta,
yadda take gyara masa wuyan riga
tana duban titi kamar mai neman wanda za ta bar wa amana.
Na ƙirga: in ka kai talatin, ina da saba'in da uku.
Wannan lambar ba likita ce ta ba ni ba.

Alhamis, ruwan sama, bas ta makara.
Takarda a cinyata, biro ɗaure da zare.
Ban yi wa kowa alkawarin jarumta ba,
ban san me zan ce ba in amsa ta zo.
Na dai san duhu ya ishe ni,
ina so in ga hanya ko da mai duwatsu ce.

Na sa biro a kan layi
sai na ji abu can ƙasa, ɗan motsi,
kamar kifi ya kaɗa jela a tafin hannu.
Wataƙila iska ce. An ce da sauran lokaci.

Malamar jinya ta leƙo ta kira sunana, ta sake kira.
Na ce ina zuwa.
Na sa hannu da dama,
hagu kuwa bai bar inda yake ba.